Tozon nan na bayan rigar 'yan tseren babur, wai meye aikinsa?

Ranar wata Lahadi da sassafe muna zaune teburin mai shayi a nan Agege, titi fayau ba gosulo, sai ga ƙarar salansa tun daga nesa kamar za ta tsaga ƙasa. Masu fawa bayik ne, wato manyan baburan nan masu tsananin gudu, su biyar ko shida, irin waɗanda ke fitowa yawo ranar Lahadi saboda ita kaɗai ce ranar da Legas ke ɗan numfasawa. Suka tsaya shan mai a gidan man da ke tsallaken titi, ɗayansu ya sauko yana miƙa, rigar fata tun daga wuya har idon sawu, a bayansa kuma daidai tsakanin kafaɗu wani ƙullutu ya taso. Wani dattijo mahauci da ke aiki a mayankar Oko-Oba ya ajiye kofinsa ya ce, "Allah sarki, yaro ga kuɗi ga doro." Wajen ya kaure da dariya. Da aka fahimtar da shi ai ɗinkin rigar ne haka, sai ya ce to wannan ba doro ba ne, tozo ne, kuma a kan tozo dai ba mai ja da mahauci.

Daga nan musu ya ɓarke. Wani ya ce laimar sauka ce irin ta sojan sama, wani ya rantse man fetur ake zubawa a ciki na ko-ta-kwana, mai shayi ya ce matashin kai ne don in mutum ya faɗi ya sauka a kan laushi, wani yaro kuma ya ce ruwa ne kamar na raƙumi. Da a nan abin ya tsaya da ban ɓata lokacina ina wannan rubutu ba. Amma bayan sati biyu sai ga ƙanina, wanda ya yi acaɓa shekaru kafin dokar da ta hana okada a Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu a watan Yunin 2022 ta tura shi aikin dilibari, ya dawo daga kasuwar Katangua da wata jaket ɗin fata ta gwanjo mai irin wannan tozon, yana ta murna, wai "Yaya, ai yanzu ko na faɗi bayana a tsare yake." Nan ne na ji gabana ya faɗi, don abin da ya ɗauka garkuwa ba garkuwa ba ne.

Bari mu fara da iska, don ita ce uwar maganar. Mu da muke tafiya a ƙasa ba ma ɗaukar iska a bakin komai, amma duk wanda ya taɓa fito da hannu ta tagar mota a hanyar Ibadan ya san tana da nauyi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ƙarfin da take tura ka baya ba ya ƙaruwa daidai da gudunka, ninkuwa yake yi. In ka ninka gudu sau biyu, turin iska ya ninku sau huɗu, in ka ninka sau uku ya zama tara. To ɗauki Boxer ɗin ƙanina tana kilomita 60 a awa, ka ɗauki babur ɗin tseren MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya, yana kilomita 300, gudun ya ninka sau biyar ke nan, turin iska kuma sau 25, ƙarfin injin da ake buƙata don a keta wannan iskar kuwa sau 125. Kuma 300 ɗin ma ba ita ce ƙarshe ba, a 2023 Brad Binder, ɗan Afirka ta Kudu mai hawa KTM, ya taɓa kilomita 366.1 a awa a filin Mugello na Italiya. A irin wannan gudun ko igiyar takalminka ce ke kaɗawa sai ta ci maka wani abu.

Sai dai ba iskar da ke dukan ƙirjinka kaɗai ce matsala ba, kuma nan ne abin yake da daɗin fahimta. Ka taɓa lura da gilashin baya na danfo, ƙaramar bas ɗin hayar nan ta Legas, lokacin hunturu? Gaba fes, gefe da dama-dama, amma baya ƙura ta yi masa kauri har yara na rubutu da yatsa. Me ya kai ƙura baya alhali motar gaba take yi? Dalili shi ne iska na bin jikin mota lafiya lau har ta iso ƙarshe, sai ta tarar an yanke jikin tsaf kamar an sa wuƙa, ba gangaren da za ta bi, sai ta rabu da jikin ta shiga juyawa tana murɗawa a bayan motar. Wannan wajen da take murɗawa matsin iskarsa ya yi ƙasa da na gaba, sai ya zama kamar wani ne ya riƙo rigar motar ta baya yana ja. In kana tsallaka Third Mainland ka leƙa ruwa lokacin da yake gudu, ka dubi bayan ginshiƙan gada, za ka ga irin wannan juyin da idonka. Shi ya sa kifi kansa ke da kauri wutsiyarsa ta tsuke a hankali, haka jirgin sama, haka kwalekwalen masunta na Makoko. Wajen rage jan iska, yadda abu ya ƙare ya fi yadda ya fara muhimmanci a lokuta da yawa.

To yanzu dubi ɗan tsere a miƙaƙƙiyar hanya. Ya kwanta ruf a kan tanki, haɓarsa kusan tana taɓa ƙarfe, gwiwar hannu a matse, ya ɓuya a bayan ɗan gilashin nan na gaba. Iska ta hau kan gilashi, ta hau kan hular kwano, hular kuma zagayayya ce kamar ƙwarya, tana ƙarewa sai rami, wato ƙeya da wuya, sannan can ƙasa gadon baya ya fara. Wannan ramin shi ne bayan danfo na ɗan tsere. Nan iska ke rabuwa ta yi ta murɗawa, tana jan babur baya, tana kuma kaɗa kan mutum hagu da dama da sama. Aikin tozo na farko ke nan, ya cike ramin. Yana farawa da tudu daidai inda hula ta ƙare, ya gangara a hankali har ya narke cikin baya, sai hula da tozo da baya da wutsiyar babur su zama kamar jiki ɗaya mai santsi, iska ta zame ta wuce ba ta samu inda za ta maƙale ba. Su manyan kamfanoni har ɗakin gwajin iska suke kai mahayi da baburinsa da hularsa da rigarsa, a kunna masa manyan fankoki a auna, shi ya sa ma hulunan tsere na yanzu za ka ga suna da wani ɗan tsini a ƙeya, don su haɗu da tozon ne aka yi shi.

Ribar gudun da ake samu ba wata mai yawa ba ce, amma a wasan da ake raba na ɗaya da na biyu da kashi ɗaya cikin dubu na sakan, ƙanƙanin abu ma dukiya ne. Ni a ganina ma ribar wuya ta fi ta gudu. Kan mutum na kai kilo biyar, hula ta ƙara kusan ɗaya da rabi, sannan iska ta yi ta wujijjiga wannan nauyin minti 40 zuwa 45 da tsere ke ɗauka. Wuya ya gaji, ido ya daina tsayawa wuri ɗaya, kuma mutumin da zai taka birki a daidai wani ɗan alama a gefen hanya yana gudun kilomita 340 ba ya son idonsa na rawa.

Abin dariyar shi ne mai shayinmu bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, don asalin tozon ba don iska aka ƙirƙiro shi ba. Kamfanin Dainese na Italiya, wanda Lino Dainese ya kafa a 1972, shi ya fara fito da farantin kare ƙashin baya a ƙarshen shekarun 1970, ɗan tsere Barry Sheene na Ingila ne ya fara sa shi, kuma tsarinsa na gaɓa-gaɓa daga ɓawon manyan jatan lande na teku aka kwaikwayo shi. Sai dai farantin ba ya kaiwa can sama kusa da wuya, don in ya kai mahayi ba zai iya ɗaga kai ba in ya kwanta kan tanki. Sai a 1988 suka ɗinka wani soso a wannan gurbin daga waje, Pierfrancesco Chili ne ya fara fita da shi. Daga baya wani ɗan tseren Faransa, Jean-Philippe Ruggia, ya lura in ya sa rigar mai tozo kansa ba ya rawa a miƙaƙƙiyar hanya kuma wuyansa ba ya gajiya kamar da. An je neman kiɗa an samo rawa. Daga nan tozon ya fara tsawo yana tsukewa, siffarsa ta koma ta masu lissafin iska, ba ta masu tunanin faɗuwa ba.

Yaron da ya ce ruwa ne shi ma ya ci rabin maki, har ma ya fi raƙumin gaskiya, don tozon raƙumi kitse ne a ciki ba ruwa ba, Baba mahauci zai gaya maka na sa ma haka yake, shi ya sa tsiren tozo ke narkewa a baki. Amma tozon ɗan tsere ana sa masa ruwa da gaske. A wuraren zafi irin Sepang na Malesiya, inda zafi da gumi suke kamar Legas a watan Maris, ana cusa wata 'yar jakar ruwa ciki wadda ba ta kai ledar fiya wata ɗaya ba, a jawo siririn tiyo ya bi ta wuya ya shiga cikin hula har bakin mutum. Ba don ya ƙoshi ba, don dai ya jiƙa maƙogwaro, tunda mutumin da ke cikin rigar fata a kan injin da ke tafasa ba shi da hannun ɗaukar gora.

Aikin da ya fi girma a yau kuwa shi ne tozon ya zama ɗakin ajiyar kwamfuta. Tun 2018 doka ce a MotoGP da ƙananan ajujuwanta, Moto2 da Moto3, kowane mahayi sai rigarsa na da jakar iska, irin wadda ke fashewa daga sitiyarin mota in an yi karo. To ta mota dai motar ce ke jin karon, ta babur fa? Mutum ne ke tashi sama ya bar babur, don haka dole rigar ce da kanta za ta gane cewa mai ita ya faɗi. Sai aka sa mata na'urorin da ke auna juyawa da girgiza da saurin jiki sau ɗaruruwa a sakan ɗaya, da batir, da 'yar kwamfutar da ke yanke hukunci, da ƙananan tukwanen gas, a riguna da yawa kuma babu inda ya fi dacewa a tara wannan tarkacen kamar cikin tozo, tunda dama fili ne a zaune kuma ba ya hana mutum motsi. Wahalar aikin ita ce kwamfutar ta bambance faɗuwa da abin da ya yi kama da faɗuwa. Ɗan tsere na kwantar da babur a kwana har gwiwar hannunsa na gogar kwalta, babur na girgiza shi, tayar gaba na tashi, duk wannan ba faɗuwa ba ne, in rigar ta kumbura a nan ta ɓata masa tsere. Amma in tayar baya ta zame sannan ta cafke kwalta kwatsam, babur ya yi tutsu irin na jaki ya cilla shi sama, to kafin ya dawo ƙasa rigar ta riga ta cika da iska a kafaɗu da wajen wuya da haƙarƙari, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ta Dainese ta fara kumbura a filin gasa a Balensiya ta Sifen a 2007. A 2013 kuma Marc Márquez ya faɗi a Mugello lokacin gwaji yana gudun sama da kilomita 330, sanye da rigar Alpinestars mai jakar iska, ya tashi da rauni a haɓa, ranar Lahadi ya hau babur ya shiga tsere. Bayanan da na'urar rigarsa ta naɗa ne ma suka nuna yadda faɗuwar ta kasance daki-daki.

Ka ga ke nan in an ce tozo na ceton rai akwai gaskiya a ciki, amma ba sosan ne ke ceton ba, abin da aka ɓoye a cikinsa ne.

To mu dawo kan jaket ɗin Katangua. Na karɓa na juya ta, na laluba ta ciki, akwai wani ɗan zif a ƙarƙashin shafin, na zuge, na zaro tozon. Soso ne kawai mai ɗan tauri, launin toka, mara nauyi, ba waya ba batir ba komai. Na sake laluba aljihun baya na ciki inda farantin kariya ya kamata ya zauna, wayam, ko mai ita na farko ya cire kafin ya sayar, ko dama ba ta zo da shi ba. Wato ƙanina ya sayi rumbu ba hatsi. Farantin baya na gaske yana da ma'auni, a Turai ana gwada shi a ƙarƙashin lamba EN 1621-2, a saki ƙarfe mai nauyi a kansa a auna ƙarfin da ya ratsa zuwa ɗaya gefen, mataki na 2 yana barin rabin abin da mataki na 1 ke bari ya wuce, kuma za ka ga lambar a buge a jikinsa. Sosan tozo ba da wannan aka san shi ba. Hasali ma in mutum ya faɗi ya kwanta rigingine, tozon na ɗaga saman bayansa kai ya lanƙwashe baya, shi ya sa likitocin filin tsere kan farke wajen su zare shi kafin su shimfiɗa mutum a kan allon ɗaukar majinyaci. A can akwai likita da almakashi a kowace kwana. A Oshodi kuwa waɗanda za su fara isowa kanka masu tausayi ne dai, amma ɗaya zai kama hannu ɗaya ya kama ƙafa.

Ko maganar iskar ma, tozo ba ya aiki sai da sharaɗi biyu, gudu da kwanciya. Ƙanina a zaune yake tsaf a kan babur kamar mai jiran a ɗauke shi hoto, ƙirji a buɗe, hularsa can sama tozon can ƙasa, tsakaninsu tazarar tafin hannu, iskar da ta bar hular ba ta ma san da wani tozo ba. Sannan a bayansa ga akwatin dilibari mai kusurwa huɗu, wanda shi kansa bayan danfo ne ƙarami, ko da tozon ya gyara wani abu akwatin ya rushe shi. Gudu kuma, ina za a same shi? Third Mainland tsawonta kilomita 11.8 ne kuma iyakar gudun da aka sa mata 80, sauran gari kuwa tsakanin ramuka da danfo da ke tsayawa ba sigina da masu tura baro, in ka samu 50 ka gode Allah. Su kansu masu fawa bayik ɗin Lahadi, in ka cire 'yan sakan ɗin da suke murɗa totur a inda hanya ta buɗe, wanda dama bai kamata ba, yawancin tafiyarsu tozon ado ne. Ban ga laifinsu ba fa, rigar tsere ta gaske da tozonta take zuwa, kuma wanda ya sa cikakkiyar riga da faranti da safar hannu da takalmi ya fi wanda ya hau da jallabiya da silifas hankali nesa ba kusa ba. Inda nake da ja shi ne jaket ɗin kwaikwayo da ake ɗinka wa tozo don kawai ta yi kama da ta talabijin.

Mu dai mun san wannan halin. Lokacin da aka fara tilasta hular kwano a watan Janairun 2009, ai har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka riƙa shafa wa fenti suna ɗaurawa da igiya, daga nesa hula ce sak. Ita ƙwaryar aƙalla mai ita ya san ƙwarya ce, jami'i yake yaudara ba kansa ba. Shi tozon gwanjo mai shi ne ke yarda da shi, kuma mutumin da ya yarda bayansa a tsare yake yakan ƙara ɗan murɗa hannu.

Na ce wa ƙanina kuɗin da ya rage masa ya nemi farantin baya mai lamba ya cusa a aljihun nan da ke wayam, ya kuma canza hularsa da ta tsage ta gefe tun bara wadda yake ɗaure igiyarta a hannun babur maimakon haɓarsa. Ya ce to tunda tozon aljihu ne ai sai ya riƙa sa fawa bank da makullai a ciki, na ce kul, ƙarfe da batir a daidai kan lakarka, in ka faɗi a kansu ai gara ma sosan. Ya ɗan yi shiru, ya ce zafi ma jaket ɗin ke ba shi, kafin ya kai Ikeja singiletinsa ta jiƙe sharkaf.

Farantin dai ya samu a wajen wani mai kayan babura, mataki na 1, ya ɗan yi masa faɗi sai da tela ya buɗe aljihun. Sosan kuwa bai mayar da shi ba, bayan jaket ɗin ya lotsa kamar tozon san da ya sha rani. Yana nan teburin mai shayi, Baba mahauci ne ke sa shi a ƙarƙashin gwiwarsa mai ciwo in ya miƙe ƙafa a kan benci.